Darasi Daga Jakin Tatsuniya

A ƙauyukan da ke kewaye da Magami, jaki ne ke kai taki gona da rani, shi ne kuma ke ɗauko damman gero da dawa da kaka. Shi ya sa Hausawa ke cewa haƙurin kaya sai jaki. Amma a tatsuniya sau da yawa dariya ake yi masa. Me ya jawo haka?

Bari mu duba labarai biyu da ake danganta su da Isof, mutumin da Girkawa suka ce ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu. A na farko, jakin wani falke ya faɗa rafi da kayan gishiri. Gishirin ya narke, kaya suka yi sauƙi. Kashegari sai ya faɗa da gangan. Falke ya gane, ya lafta masa soso. Da ya sake faɗawa, soso ya sha ruwa, nauyi ya ƙaru. A na biyu, jaki ya yafa fatar zaki yana tsorata dabbobi. Da ya buɗe baki ya yi kuka, nan take dila ya gane shi.

Mu lura, ɗaukar kaya bai taɓa kunyata jaki ba. Ya sha kunya ne ranar da ya guji aikinsa, da ranar da ya ari kamannin wani. Haka ɗalibin da ya ci jarrabawa da satar amsa yake. Ranar da aka miƙa masa alli a gaban aji, asirinsa zai tonu. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kowa ya ɗauki kayan karatunsa da haƙuri.