Suna ɗaya, kwanan wata biyu: gyaran rahoton illar rigakafi

Ƙanwata ma'aikaciyar lafiya, ko a Shabu kike aiki ko a Tudun Gwandara cikin garin Lafiya, kin san abin da ke biyo bayan ranar rigakafi. Uwa ta dawo da jariri goye ta ce jikinsa ya yi zafi. Wata ta ce masassara. Wata ta faɗa da Eggon ko Alago, maƙwabciyarta ta fassara miki. Abokiyar aikinki kuma ta cike fom da Turanci. Duk zazzaɓi ake nufi, amma ranar tattara rahoto sai ya fito kamar ciwo huɗu.

Maganin wannan shi masana kwamfuta ke kira ontoloji. Kada sunan ya razana ki, salsala ce ta kalmomi: kowace alama tana da suna ɗaya, an san ubanta, an san kakanta. Masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gina irinta don rigakafi da illolinsa. Ƙamus ɗin MedDRA ma hawa 5 gare shi, da manyan gidaje 27 a samansa, kuma da shi ake jera rahotanni a rumbun VigiBase na birnin Uppsala a Suwidin, inda na NAFDAC ke zuwa. Ke dai littafi mai layi da biro sun ishe ki farawa gobe.

1. Ja layi biyu a littafinki. A na farko rubuta maganar uwa kamar yadda ta fito daga bakinta. A na biyu sa sunan da kuka amince da shi a asibiti. "Ya yi zafi", "masassara", "jiki rau" duk su koma zazzaɓi, ki ƙara da abin da ma'aunin zafi ya nuna.

2. Zana salsalar a kwali, ki manna a bango. Gida na farko: abin da ya fito a wurin allura, wato kumburi, ja, zafi, da ƙurji mai mugunya. Na biyu: abin da ya shafi jiki duka, kamar zazzaɓi da ƙuraje. Na uku: abin da ya taɓa jijiya, kamar jijjiga da suma. Na huɗu: na ciki, wato amai, gudawa, jini a kashi. Duk sabuwar kalmar da kika ji, nemo mata gida.

3. Kada ki haɗa 'yan gida ɗaya su zama mutum ɗaya. Jijjigar da zafin zazzaɓi ke jawowa daban take da farfaɗiya. Budurwar da ta ga allurar HPV ta yanke jiki ta faɗi don tsoro daban take da wadda numfashinta ya sarƙe, fuska ta kumbura. Ta biyun gaggawa ce, adirenalin take buƙata nan take.

4. Ba wa rigakafin ma cikakken sunansa. "Allurar cinya" ba suna ba ne, tunda Penta da PCV da IPV duk a cinya ake yin su. Rubuta wanne ne, karo na nawa, lambar bach da ke jikin kwalba, da ta ruwan haɗi idan akwai.

5. Kwanan wata biyu, kullum. Ranar da aka yi allura, da ranar da alamar ta fara. Ranar da uwa ta zo asibiti ta uku ce, kada ta maye gurbin ta biyu. In ta manta, taimaka mata: kafin Juma'a ne ko bayanta? Ranar kasuwa fa? Ɗebe ranar allura daga ranar da alamar ta fara, ki sami tazarar kwanaki.

Tazarar nan ita ce ribar aikin. Zazzaɓin Penta yakan zo cikin kwana ɗaya ko biyu. Na allurar ƙyanda sai an yi kamar mako guda zuwa kwana 12. Ƙurjin BCG makonni yake ɗauka kafin ya fito, ya warke ya bar tabo a dantse, kuma hakan ake so.

Ga abin da tazara ta taɓa yi. A Agustan 1998 Amurka ta amince da rigakafin gudawa mai suna RotaShield. Kafin tsakiyar 1999 rumbunsu na VAERS ya karɓi rahoto 15 na jariran da hanjinsu ya shige cikin juna, akasari cikin mako biyu bayan karon farko. Suna ɗaya, tazara iri ɗaya. A Oktoban 1999 aka janye shi daga kasuwa. Rigakafin gudawa na rota da Najeriya ta shigar cikin rigakafin yara a 2022 wani ne daban, amma jini a kashin jariri bayan ɗigon rota abin kai rahoto ne a ranar.

6. Ƙarshen wata, ƙirga gida-gida. Buɗe Excel ko shafi sabo: watanni a kwance, gidajen salsala a tsaye. Raba kowane adadi da yawan allurar da kika yi a watan. Zazzaɓi 10 cikin yara 500 bai kai zazzaɓi 10 cikin yara 50 tayar da hankali ba.

7. In gida ɗaya ya cika, sauka ki duba 'ya'yansa. Ƙurji mai mugunya sau uku daga bach ɗaya ko daga hannun mutum ɗaya, fara duba aikinku: tsabtar allura, wurin da aka soka, da ko an zubar da ragowar rigakafin ƙyanda da na BCG awa 6 bayan haɗawa.

8. Tuna da damina. Daga Yuni zuwa Satumba sauro ya yi yawa a Nasarawa, zazzaɓi zai hau a littafinki ko da allura ko babu. Yi gwajin maleriya, ki rubuta sakamakon kusa da alamar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa musabbabi gida 5: rigakafin kansa, lalacewar ingancinsa, kuskuren mai allura, tsoron allura, da ciwon da ya zo bisa dacewa. Yanke hukunci aikin kwamitin ƙwararru ne, naki shi ne ba su bayani cikakke.

9. Mai tsanani ba ya jiran ƙarshen wata. An kwantar da yaro, ko ransa na cikin haɗari, ko ya rasu: kira jami'in sa ido kan cututtuka (DSNO) na ƙaramar hukuma cikin awa 24, ki cike fom ɗin rahoton illar rigakafi (AEFI). Sauke manhajar Med Safety da NAFDAC ta ƙaddamar a 2020, ki koya wa iyaye masu babbar waya su ma.

Gobe da safe, kafin layi ya yi tsawo, tara abokan aiki minti 10 ku amince da sunaye 15 na farko, ku manna kwalin kusa da firjin rigakafi. Bayan wata uku ki buɗe littafin. Ranar da jita-jita ta tashi a unguwa cewa allura na kashe yara, da lissafinki a hannu za ki je gaban mai unguwa.