Aska Ba Ta Maganin I'ina

Tun 1998 duniya ta keɓe 22 ga Oktoba don masu i'ina, shi ya sa muka ga ya dace mu ja kunnen 'yan'uwa na Dogondutsi, Matankari, Dankasari, Tibiri da Gesheme. A cikin manya 100 ana samun kamar 1 mai i'ina, maza sun fi mata yawa. Galibi tun yaro yana shekara 2 zuwa 5 take somawa, kuma tana bin jini.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne aska. Har yanzu ana kai yaro, wani lokaci magidanci da gemunsa, wurin wanzami a yanke linzamin harshe ko a cire beli, wai maganarsa ta saki. Haba jama'a! Ku dubi amalanken da ya kafe cikin yashin Dallol Mawri ranar kasuwa. Gero na nan cikin buhu, jaki lafiyarsa lau, ƙafafun amalanken ne suka nutse. Mai hankali yakan sauko, ya share yashi, ya lallaba dabbar, ya tura sannu. Wa ya taɓa ganin an yanke kunnen jaki amalanke ya fita? To haka maganar mai i'ina take: tana nan cikakkiya, harshe ƙalau, cikas ɗin yana can inda ƙwaƙwalwa ke daidaita numfashi da murya da leɓɓa. Ba ku lura wanda ya kasa faɗin kuɗin tiyar wake yakan rera sura ba tuntuɓe? Da harshen ne a ɗaure, wa ya kwance shi lokacin karatu?

Turawa ma sun yi wannan ɓata. A 1841 wani likitan Jamus, Dieffenbach, ya riƙa yanka harsunan masu i'ina, aka rasa rayuka, aka watsar da aikin. Aska kuwa tana jawo zubar jini da ciwon sarƙe-haƙora, in an yi wa mutum biyu da ita ta ɗauki cutar wannan ta kai wa wancan. Uban da ya ji wannan ya sake kai ɗansa, ya shirya amsar da zai ba Ubangiji.

Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, roƙo ya yi a warware masa ƙullin harshe, ya nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Addu'a ke nan da neman mataimaki. Sarkin Ingila Joji na 6 ma a hannun malamin gyaran magana, Lionel Logue, ya yi shekaru yana koyo. Irin waɗannan malamai, da ake kira ortofonis, suna koyar da fara kalma a tausashe, jan sautin farko, da daina gudun kalmar da ake tsoro. Ga babba ba kasafai i'ina take gushewa ƙaf ba, amma tana sauƙi ƙwarai. A tambayi ma'aikatan gidan likita inda za a same su.

Ku masu sauraro, ku bar kwaikwayo da dariya, ku bar ƙarasa wa mai i'ina zance, ku jira shi. Dattijon da bai taɓa i'ina ba kuma, maganarsa ta sarƙe rana ɗaya, baki ya karkace, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya da shi asibitin Dogondutsi ko na Tibiri a take.