Wace magana ta Turanci ta dace da sauya tsari?

Tambaya: Malam, ofishinmu zai bar ajiye lissafi a littafi ya koma kwamfuta. An ce in rubuta sanarwa da Turanci. Na ga "change horses in midstream", ko ta dace? Daga wata akawu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, rufa wa kanki asiri, kada ki sa ta. Ma'anarta sauya doki a tsakiyar rafi, kuma gargaɗi ce ga mai sauya shugaba ko dabara alhali aiki ya yi nisa. Abraham Lincoln ne ya fito da sunanta a 1864, lokacin da yake neman zarcewa a mulkin Amurka ana tsaka da yaƙin basasa. Nufinsa kada a sauya shi. Kin ga idan kika rubuta ta a sanarwa, tamkar kin ce shugaban ofishinku ya yi wauta ne, kuma da sa hannunki a ƙasa.

Abin da kike nema shi ne "switch over", ko "changeover" in suna kike so. Ita ake faɗa ga irin sauyin da Nijeriya ta yi a 1972 daga tuƙi a hannun hagu zuwa dama, da na 1973 daga fam zuwa naira. Masu harkar kwamfuta kuma "migrate" suka fi so, musamman in za a kwashe tsofaffin bayanai a zuba cikin sabuwar manhaja.

Ni dai da "switch over" zan tafi: gajeriya ce, kowa zai gane. Ki kuma rubuta ranar da za a rufe littafin.