In Hannu Ya Ƙi Tsayawa: Bayani a kan Karkarwar da Ba Ta Kisa

Jama'a, akwai wata lalura da ta yi yawa a cikinmu, amma ba a cika zama a yi maganarta ba, wato karkarwar hannu. Za ka ga dattijo ya ɗebo fura a ludayi, kafin ya kai baki rabi ya zube a gaban riga. Za ka ga tela wanda ya tsufa a kan keke, yau zura zare a allura ya gagare shi sai ya kira yaron shago. Wanzami ya ajiye aska tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Masu kallo kuwa kowa da bakinsa: wani ya ce tsufa ne, wani ya ce jifa aka yi masa, mai mugun zato ya ce shaye-shaye. Shi kuwa mai abin sai ya cusa hannu a aljihu, ya daina cin abinci cikin mutane. An rubuta wannan takarda don a raba gaskiya da zato, domin in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Wace karkarwa ake nufi?

Karkarwa iri-iri ce. Ta zazzaɓi da ta sanyi da ta firgita duk sukan wuce da zarar dalilinsu ya wuce. Wadda muke magana a kai ita ce karkarwa mai zaman kanta, wadda ba alamar wani ciwo ba ce, ita kanta ce ciwon. Tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa, a hanyoyin da suka haɗa sashen nan na wajen ƙeya mai daidaita motsi da wani ƙulli da ke can tsakiya. Saƙon da ke zuwa ga tsoka sai ya riƙa zuwa a tsinke, hannu ya kaɗa tsakanin sau 4 zuwa 12 a daƙiƙa guda. Ta fi kama hannuwa, duka biyun, ko da ɗaya ya fi ɗaya. Takan kama kai, har a ɗauka mutum yana cewa a'a, takan kuma shiga murya.

Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma a cikin waɗanda suka haura shekara 65 abin ya kai wajen 5 cikin 100. Amma kada a ce ta tsofaffi ce kaɗai, tana iya farawa tun mutum yana saurayi. Kusan rabin masu ita in suka duba danginsu za su tarar da uba ko kaka mai irinta. Ba a ɗaukarta ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Ba kuma sabon abu ba ce. A ƙarni na 13 an yi wani malamin coci a garin Worcester na Ingila wanda ya cika gefen tsofaffin littattafai da sharhi cikin rubutu mai rawa, kuma masana da suka duba rubutun a zamaninmu sun fi karkata ga cewa wannan karkarwar ce ta same shi. Hannunsa yana rawa, amma bai ajiye alƙalami ba. Malamanmu masu rubutu a allo su lura da wannan.

Babban abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne tsoron cutar Parkinson, wadda likita James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817. To, ga bambancin, a riƙe shi da kyau. Mai Parkinson hannunsa yakan yi rawa yana zaune ya ɗora shi a cinya, in ya miƙa zai ɗauki abu sai rawar ta lafa. Ga kuma sandarewar jiki, da jan ƙafa, da ƙanƙancewar rubutu. Mai karkarwa mai zaman kanta akasin haka ne: hannu yana kwance lafiya lau, sai ya ɗaga buta ko ya kama biro sannan rawar ta tashi. Tana ƙaruwa a hankali cikin shekaru, amma ba ta kisa.

A gaban likita

Wanda ya dace a gani shi ne likitan jijiyoyi, kuma zuwa wurinsa ba ya nufin an taɓu. Ana samun irinsu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Babu gwajin jinin da ke nuna wannan lalura kai tsaye. Likita zai ce ka miƙe hannuwa, ka taɓa hancinka da yatsa, ka zana da'ira mai naɗewa a takarda, ka juye ruwa daga kofi zuwa kofi. In ya aike ka gwajin jini, yana neman wasu dalilai ne masu maganin kansu, musamman yawan aikin ƙullin maƙoshi, inda maƙoƙo ke fitowa. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har na gargajiya, domin maganin asma na shaƙa irin Ventolin, da wasu magungunan farfaɗiya da na damuwa, su ma sukan sa hannu rawa.

Magani

A faɗi gaskiya tun farko, har yau babu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya. Duk mai tallan magani da ya kafa lasifika a tasha ya ce zai raba ka da ita cikin mako guda, kuɗinka yake so. Abin da ake da shi na rage ta ne, kuma ragin ba ƙarami ba ne.

Magunguna biyu ne a gaba. Na farko propranolol, maganin zuciya da hawan jini wanda Sir James Black na Birtaniya ya samar a shekarun 1960. Yana da araha, kuma ga wanda ya karɓe shi yakan rage rawar da kusan rabi. Akwai ma waɗanda likita kan ba izinin sha ranar da suke da taro ko sa hannu kaɗai. Sai dai arahar tasa ita ce haɗarinsa, don mutum na iya ji a majalisa ya wuce kemis ya saya. Kul! Propranolol yana iya toshe numfashin mai asma, yana rage bugun zuciya, yana ɓoye wa mai ciwon sukari alamun faɗuwar sukarinsa, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Na biyu primidone, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne. Shan farko yakan zo da jiri da tashin zuciya da barci, shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan da dare. Da yawa sukan jefar da shi a kwana na biyu, alhali da sun koma sun gaya wa likita, da ya gyara musu ƙima. In waɗannan ba su yi ba akan gwada topiramate ko gabapentin. Rawar kai da ta murya kuwa ba su cika jin ƙwaya ba, akan yi musu allurar Botox duk bayan wata uku ko makamancin haka.

Akwai wata magana da ake raɗawa, cewa giya tana kwantar da karkarwa. Tana lafar da ita na ɗan lokaci ga wasu, amma in ta sake mutum rawar kan dawo fiye da da, kuma babu likitan kirki da zai rubuta ta.

Ga wanda ƙwaya ta gaza masa har cin abinci ya gagara, akwai tiyata. A 1987 likita Alim-Louis Benabid da abokan aikinsa a Grenoble ta Faransa suka fara dasa siririyar waya a wancan ƙulli na tsakiyar ƙwaƙwalwa, a haɗa ta da ƙaramin batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, lantarkin ya riƙa danne rawar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar a 1997. A 2016 ta amince da wata da ba a yanka: a tara igiyoyin sauti a wuri guda su ƙona ɗan ɗigon da ke haddasa rawar, yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Dukansu suna da haɗari ga magana da tafiya, suna da tsada ƙwarai, wuraren yinsu kuma kaɗan ne a nahiyarmu.

Zaman yau da gobe

A nan ne mai lalura yake da ikon kansa. Gajiya da yunwa da fushi da rashin barci duk suna tayar da rawar. Haka kofi da shayi mai kauri, haka kuma goro, domin sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Na san raba dattijo da goro ba ƙaramin aiki ba ne, amma ya rage na mako biyu ya gani da idonsa. Kofin zuba abin sha kuwa, mai nauyi ya fi marar nauyi, a cika shi rabi, a kama da hannu biyu. A dafa gwiwar hannu a kan tebur ko cinya lokacin rubutu, a nemi biro mai kauri. Riga marar maɓalli ta fi sauƙi. In sa hannu ya fara canzawa, a je banki a yi bayani tun kafin a mayar da takarda. Mai shirin azumi ya tambayi likita yadda zai raba maganinsa tsakanin sahur da buɗa-baki.

Ku kuma mutanen gida, ku sani ido yana ƙara rawar, da zarar mai ita ya ji ana kallon hannunsa sai ta ninka. Kada a ce masa “nutsu mana”, ba daga rashin nutsuwa ba ne. Kada a fizge kofi daga hannunsa, a tambaya tukuna: “Baba, in riƙe maka?” In ya ce a bari, a bari. A kwaɓi yara masu kwaikwayonsa. In za a zauna cin abinci a kira shi cikin jama'a yadda aka saba, a zuba masa kunu a kofi mai hannu maimakon ludayi, a ci gaba da hira.