Hattara da tallar magani a cikin salula

Jama'a, yau ana tallar magani a Facebook da WhatsApp: na ƙarfin maza, na ƙiba, har da wanda wai yana warkar da ciwon suga. Da yawansa jabu ne. Wani garin alli ne kawai, wani kuwa yana lalata ƙoda.

Sau da yawa mai tallar yana wata ƙasa, jandarman garinku ba ya iya kama shi. Shi ya sa tun 2008 Interpol, ƙungiyar ƴan sandan duniya, take haɗa ƙasashe suna rufe irin waɗannan shafuna, suna tare maganin a kan iyaka.

In tallar ta iso maka, kada ka tura wa kowa. Nuna wa malamin asibiti kafin ka biya ko dala.