Suna Ɗaya, Mutum Uku: Dikkon Sarauta, Dikkon Asibiti da Dikkon Siyasa

Da za a shiga wani aji na sakandare a Funtuwa ko Malumfashi a yi wannan tambaya: "Wane Dikko ne ya taɓa riƙe ma'aikatar sufuri ta tarayyar Nijeriya?", da wuya a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce Umaru Dikko. Amsar daidai ce, amma rabi ce, domin mutum biyu ne masu wannan suna suka riƙe ma'aikatar, kuma na farkonsu likita ne. Manufar wannan darasi ita ce a rarrabe wa ɗalibai mutum uku da suka yi fice da sunan Dikko, sa'an nan a nuna hanyar da mai nazari zai bi don kada ya ɗora wa wani aikin wani.

Asalin Sunan

Dikko laƙabi ne da Hausa ta aro daga Fillanci, ana kuwa ba ɗan fari shi. Bisa al'adar alkunya, uwa ba ta faɗin sunan yanka na ɗanta na fari, sai ta sakaya shi da laƙabi. Ke nan Dikko ɗan'uwan Tanko ne da Gambo da Auta: yana nuna matsayin haihuwa, ba ya nuna zuriya. Mutum biyu kan amsa shi alhali ba abin da ya haɗa su na jini.

Na Farko: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko

An haife shi a 1865. Yana riƙe da sarautar Durɓi Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka naɗa shi a 1906, daga nan sarautar Katsina ta koma gidan Sulluɓawa. Ya yi mulki har rasuwarsa a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. A 1921 ya ziyarci Ingila, ya kuma sauke farali a Makka yana bisa gadon sarauta. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna Zariya da sunan Barewa. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi duk cikin masarautarsa suke, kuma a zamaninsa ne layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, abin da ya buɗe wa auduga da gyaɗar wannan yanki hanyar kasuwa. Shi ne mai babban filin wasan ƙwallo na Katsina da ake kira da sunansa.

Na Biyu: Likita Barau Dikko

Cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko, a takardu kuwa akan rubuta R.A.B. Dikko. An haife shi a 1912, ya tashi a hannun 'yan mishan na CMS da ke Zariya, waɗanda daga baya suka kafa zangonsu a Wusasa. Ya yi Kwalejin Sarki ta Ikko, sa'an nan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanta ilmin likita. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likitan zamani. Ya kama aikin gwamnati a 1940, ya yi ta hawa har ya riƙe manyan muƙamai a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, ciki har da sashen yaƙi da cututtukan da suka zama 'yan gida.

Bai tsaya ga asibiti kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a babban taronta na Kaduna a 1949 shi aka zaɓa shugaba. A lokacin ƙungiyar raya al'adu ce. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, sai doka ta tilasta wa ma'aikatan gwamnati su zaɓi ɗaya, ko aiki ko siyasa. Shi kuwa ya zaɓi marasa lafiyarsa. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki, a 1971 kuma ya koma sufuri. Ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna sunansa ya ci.

Na Uku: Alhaji Umaru Dikko

An haife shi a 1936, wato yana ƙaramin yaro lokacin da Likita Dikko ya fara duba marasa lafiya. Lissafi ya karanta a Jami'ar Landan, ya kuma yi aiki a Sashen Hausa na BBC. Ya yi kwamishina a Jihar Tsakiyar Arewa, wadda a wancan lokaci ta ƙunshi Funtuwa da Malumfashi, kafin a sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, a kuma cire Jihar Katsina daga cikinta a 1987. Ya zama Ministan Sufuri a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983.

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, ya tsere zuwa Landan, gwamnatin soja kuma ta zarge shi da almundahana, zargin da ya musanta. Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka saka shi cikin akwatin katako. Jami'an kwastan ne suka buɗe akwatin a filin jirgin sama na Stansted, suka tarar da shi a sume, tare da wani likita ɗan Isra'ila, gwanin sa barci, wanda ya zura masa bututu a maƙogwaro. Dalilin bututun shi ne, irin wannan allura takan rage ƙarfin numfashi, harshe kuma kan faɗa baya ya toshe hanyar iska. Kotun Ingila ta ɗaure mutum 4, har da likitan, domin ilmin da aka ba shi don ceton rai ya juya shi ga cutarwa. Umaru Dikko ya rasu a Landan a 2014.

Inda Ruɗanin Yake

Duk wanda ya ji "Dikko, Zariya, ministan sufuri, likita, Ingila" a jimla guda, yana iya haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Sakamakon haka ba faɗuwa jarrabawa kaɗai ba ne. Likitan farko na Arewa zai ɓace daga tarihi, ko kuma a jingina masa rikicin da ya auku shekara 7 bayan rasuwarsa. Ga kuma ƙarin tarko ga ɗaliban Jihar Katsina: gwamnan da aka rantsar ranar 29 ga Mayu, 2023, sunansa Dikko Umaru Raɗɗa, ana kuma ce masa Dakta saboda digirin digirgir, ba don aikin asibiti ba.

Magani shi ne a yi wa kowane suna tambayoyi uku: a wace shekara? A wane gari? A kan wane aiki? Haka ma'aikacin asibiti nagari yake yi kafin ya miƙa magani: ba ya dogara da sunan da ke kan kati, sai ya duba lamba da shekaru, domin Musa Ibrahim biyu na iya kwanciya a ɗaki guda. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Aikin Aji

1. Zana layin shekaru daga 1860 zuwa 2020, ka sa rayuwar kowane Dikko a kai. A waɗanne shekaru ne dukkan ukun suke raye?
2. Kawo hujjoji biyu da ke nuna Likita Barau Dikko ba shi ne aka saka cikin akwati ba.
3. Tambayi dattawan unguwarku takwarori biyu da akan rikita a garinku, ka rubuta abin da ya bambanta su.