Kilo: Ma'anarsa, Asalinsa da Amfaninsa a Kasuwa

Kalmar "kilo" ta zama ruwan dare a bakin mahauta, dillalan hatsi da masu sayar da takin zamani, amma ba kowa ne ya san cewa guntuwar kalma ce ba. Cikakkiyarta ita ce kilogiram. "Kilo" ta samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai nufin dubu, saboda haka kilogiram ɗaya giram 1,000 ne, kamar yadda kilomita ɗaya take mita 1,000.

A ƙasar Faransa aka ƙago wannan awo. Wata doka ta shekarar 1795 ta ɗora shi a kan nauyin ruwa, shi ya sa har yau lita ɗaya ta ruwa take daidai da kimanin kilo ɗaya. A 1889 ƙasashe suka amince da wani dunƙulen ƙarfe da aka adana kusa da birnin Paris a matsayin kilo na asali, wanda ake gwada sauran da shi. Ya riƙe wannan matsayi har 2019, lokacin da masana suka maye gurbinsa da wani lissafin kimiyya da ba ya canzawa.

A da, Nijeriya tana amfani ne da laba, wato awon Ingila, kafin dokar awo ta 1974 ta tabbatar da sabon tsarin. Kilo ɗaya ya kai kimanin laba 2.2.

Daga kilo ake lissafa tan, wanda yake kilo 1,000, wato buhu 20 na siminti ko na taki mai kilo hamsin-hamsin. A nan akwai bukatar hattara, domin tan na Ingila kilo 1,016 ne, na Amurka kuwa 907. Ɗan kasuwar da ya sa hannu a yarjejeniyar fitar da riɗi ko citta ba tare da an fayyace wane tan ake nufi ba, yana iya tafka asara.

Haka kuma, mudu da tiya suna auna cika ne, ba nauyi ba, kuma girmansu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Buhun masara da ake kira na kilo 100 ma yakan gaza ko ya zarce haka. Don haka ya kamata manomi ya nemi a ɗora amfaninsa a kan sikeli kafin a yanke farashi, domin kilo ɗaya a Dawanau shi ne kilo ɗaya a Legas.